Kifin Shagon Auduga

Duk layin da Auduga suka san shi, domin an ce in ya ɗora maka hannu a ka ba ka jin nauyinsa. Shagon askinsa yana ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da magani. Kujera ɗaya ce mai juyawa, da bencin masu jira, sai manyan madubai biyu masu kallon juna. A nan ya shigo yana saurayi, a nan furfura ta same shi. Yaran da ya riƙe wa kai suna kuka sun zama magidanta, sun kawo masa nasu. 'Ya'yansa mata aure ya kai su nesa, gida ya rage daga shi sai matarsa, wadda yake kira Maman Yara.

Sai wani ciwo ya same shi, daga babban yatsa ya fara. In ya zauna shiru sai yatsan ya riƙa motsi shi kaɗai. Ya ce gajiya ce, ya riƙa cusa hannun a aljihu. Amma jiki magayi. Wani tsohon direba, abokinsa na ƙuruciya wanda ba ya aski a ko'ina sai wurinsa, ya tsokane shi cewa hannunsa ya fara rawa babu kiɗa. Aka yi dariya, har da shi. Da Maman Yara ta matsa ya je asibiti, likita ya gaya masa gaskiya: magani zai rage, ba zai warkar ba, kuma abin gaba zai riƙa yi.

Da ya fito bai nufi gida ba. Ya yi ta tafiya har ya tsinci kansa a gaban wani shagon tsuntsaye da kifayen ado. A kan kanta ya ga kwalabe a jere, kowacce da kifi ɗaya. Wani ja wur ya ɗauki hankalinsa, bai kai tsawon yatsa ba, jelarsa baza-baza kamar mayafi. Matar shagon ta ce sunansa beta, mafaɗaci ne, ba a haɗa shi da ɗan'uwansa namiji. Auduga, wanda ko kaza bai taɓa kiwo ba, ya saye shi da ƙaramin akwatin gilashi.

Matar ta ja masa kunne sosai. Ruwan famfo sai an ɗiga masa magani kafin kifi ya shiga. Kada ya juye shi kai tsaye: ya ɗora ledar da ta saka masa kifin a ciki a kan ruwan akwatin tukuna har ɗuminsu ya zo ɗaya, sannan ya riƙa zuba ruwan akwatin cikin ledar kaɗan-kaɗan. Ranar farko babu abinci, babu haske mai yawa. Canji na gaggawa, in ji ta, shi ke kashe su.

A shago ya yi aikin, ya jawo ƙofa. Ya ɗebi ruwa da murfin kwalba, kafin ya kai bakin ledar rabi ya zube masa a wando. Ya sake, ya sake zubewa. Daga ƙarshe ya riƙe hannun dama da na hagu, ya jingina gwiwar hannu a kanta, da haka ya samu ya gama. Da ya karkata ledar, kifin ya fito ya shige bayan wani ɗan kasko da ke ƙasan akwatin, launinsa ya koɗe, fikafikansa a manne da jiki. Auduga ya kashe fitila ya zauna gefensa har la'asar.

Bayan 'yan kwanaki kifin ya fara leƙowa, jan ya dawo, ya karɓi abinci. Sai kuma wata matsala ta taso. Ya hango kansa a madubi, ya buɗe kumatu, ya baza jela, ya yi ta kai wa gilashi hari tun safe har ya gaji ya kwanta a ƙasa. Shagon kuwa ko'ina madubi ne. Auduga ya mayar da akwatin lungu ƙarƙashin kantar da yake jera tawul, ya kare gefe ɗaya da kwali. A nan kifin ya natsu, har ya fara tara kumfa a saman ruwa. In Auduga ya matso, sai ya taso yana jiran abinci.

Masu zuwa aski kuwa sai raguwa suke. Mutum zai gaishe shi daga bakin ƙofa, ya yaba kifin, ya ce yana sauri, gobe ka gan shi da sabon aski. Tsohon direba ne kaɗai bai fasa ba. Wata safiya ya zo gyaran gemu, ya kwantar da kai ya lumshe ido kamar kullum. Auduga ya shafa kumfa, ya ɗauki aska. Ya gama kunci ɗaya lafiya. A ƙarƙashin haɓa hannun ya fizge. Jini ya ɓata farin tawul, ya gangara cikin wuyan riga. Mai magani ya rugo da bandeji.

Direba ya danne wurin, ya dube shi ta madubi ya ce, "Ba komai, Auduga. Ni ne na motsa."

Su biyun sun san bai motsa ba. Da ma zagi ya yi, da ya fi sauƙi. Auduga ya wanke askar, ya naɗe ta, bai ƙara buɗe shagon ba. Kujerar da madubai wani matashin mai aski ya kwashe su. Akwatin kifin mai takalmi ne ya ɗauko masa har gida, don shi ba zai iya riƙe shi ba tare da ya zubar ba.

Maman Yara ta yi ta mita cewa mutane na kawo kifin miya, shi ya kawo wanda za a yi wa hidima. Duk da haka ta share masa wuri kusa da taga. Nan Auduga yake wuni. Abincin kifin ƙananan ƙwayoyi ne, 'yan kaɗan ake ba shi, kuma ya hana kowa bayarwa sai shi.

Ranar da Maman Yara ta tafi dubiyar ƙanwarta ta kwana biyu, ya buɗe robar abincin a kan akwatin, hannun ya girgiza, duka ya zube a ruwa. Ya yi ƙoƙarin kwashewa da cokali, ya ƙara dagula shi. Washegari ruwan ya yi fari yana wari, kifin yana haki a sama. Hankalin Auduga ya tashi. Ya kwashe shi a kofi, ya zubar da ruwan, ya cika akwatin daga famfo. Kwalbar maganin ta ƙi buɗuwa a hannunsa, ya gwada da haƙori, ta suɓuce ta gangara ƙarƙashin gado. Kofin kuma sai tangal-tangal yake. Ya san abin da matar shagon ta ce, amma ya juye kifin cikin akwatin hakanan.

Da Maman Yara ta dawo ta tarar da kifin kwance a ƙasan akwatin ya mutu, Auduga kuma zaune a gabansa, rigarsa jiƙe. Ba ta yi mita ba. Ta fitar da kifin ta binne a tukunyar fure. Ta ce in yana so a sayo wani, ita za ta riƙa ba shi abinci.

"Bar su a inda suke," ya ce.

Bayan nan ya daina fita. Gemunsa ya taru ya cukurkuɗe, ya ƙi zuwa wurin kowane mai aski. Wata rana da hantsi Maman Yara ta fito da kujera tsakar gida, ta ɗaura masa tawul, ta buɗe askarsa. Ba ta taɓa riƙe ta ba. Ya daɗe yana kallon hannunta, sannan ya kwantar da kai.

"Ja fatar da yatsa tukuna," ya ce. "Ki bi kwanciyar gashin."

Ta yanke shi a wuri biyu. Ya juya mata ɗaya kuncin, ita ma ba ta tsaya ba.