Ramin Galurar Kaka Zali

A Dogarawa, in aka idar da sallar magariba, mukan kewaye murhun Kaka Zali, kakata ta wajen uwa. Saƙar faifai da tabarma ce sana'arta, kuma a wannan murhun take dafa kaba cikin galura, ja da kore da shuɗi. Tafin hannunta bai taɓa zama launi ɗaya ba. Tana juya tukunya tana ba mu tatsuniya, in ka yi gyangyaɗi ta ɗana maka muciya a gwiwa.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta Tasalla, wata masaƙiya mai ƙyuya da ke juye ruwan galurarta a tabkin gari. Wata rana balbela ta yi wanka a ciki, ta fito ja wur, tana ta yanga. Mu dai nan muke ƙyalƙyalewa da dariya. Sai Kaka ta ɗaure fuska: kifaye suka taso ciki sama, shanu suka shinshina ruwan suka juya, makiyaya suka kwashe dabbobinsu suka yi gaba.

"To ku hwaɗa min," in ji ta, "matan da ka sayen faifai su ruhe ƙwaryar nono sun tahi. Wa za shi sayen na Tasalla?"

Ita Kaka ba a bakin murhu ta tsaya ba. Tana da rami can bayan gida, nesa da rijiya da hanyar tabki. Nan take juye ragowar galura, ta bi shi da toka da ƙasa. Maƙwabta suna mata dariya, wai tsohuwa tana yi wa ruwa jana'iza. Ko a jikinta.

Yau ni ke dafa kaba, a Ƙonni. Bara da damina na ga wata sabuwar maƙwabciya ta nufi kwata da tukunyar jan ruwan galura, kwatar da ke gangarawa inda awakinmu ke sha. Na tare ta, na ja ta bayan gidana na nuna mata ramina. Ta tambaye ni ko ma'aikatan lafiya ne suka koya mini.

Wallahi sai na ji kaina ya yi girma. Na ce mata a'a, wata tsohuwa ce mai jan hannu, wadda ko ƙofar lakwal, wato makarantar boko, ba ta taɓa takawa ba. Yanzu ramuka huɗu ne a layinmu, kuma duk sunansu ɗaya: ramin Kaka Zali.