Rijiyar da Ta Jira Malam

'Yata Rabi ke rubutawa, ni Hajara ina faɗa, don ban yi lakwal ba, wato boko.

Paraku

Ana kiran assalatu ni da Rabi muka bar unguwarmu Gema, ban daɗe da fita takaba ba. Mijina, Malam Sule, ya koyar a jami'a can Kwatano. Aikinsa lissafin asarar da rashin ruwa ke jawo wa talaka. Kowane rani sai ya tafi ƙauyen Bariyenu, kusa da Jugu, ya zauna bakin rafi yana tambayar mata tun yaushe suka baro gida. Da wannan bincike ya samo musu rijiya. Ana cikin haƙa ciwo ya kwantar da shi. Ya ce, "Hajara, ki je ki gano mini ko ruwa ya fito."

Hanya

Kamiyo muka samu, babbar motar doya, direba ya ba mu gaba. A shinge jandarma ya leƙo.

"Ina zuwa, Mama?"

"Ganin rijiya."

"Na Paraku sun ƙare?" Ya yi dariya ya ɗaga sanda.

Na yi ta gyangyaɗi. Itatuwan kaɗanya suna wucewa kamar masu iyo, ina ganin Malam a tsakaninsu ya naɗe ƙafar wando. In na farka sai kuka.

Jugu

Muka kwana gidan danginmu 'yan goro. Aka kawo sakwara da wagashi, cukun Fulani, na kasa haɗiya.

Bariyenu

Da hantsi muka tarar da mata suna hawowa daga rafi da tuluna, ga rijiya an rufe da katako da ƙaya. Na tambaye su.

"Ba ta yi ruwa ba?"

Babbarsu, Inna Gado, ta sauke tulu. "Ta kawo ruwa tun kafin azumi. A nan wanda ya jawo rijiya shi ke fara sha. Malam muke jira. Yaushe zai zo?"

Ashe babu wanda ya aiko musu. Ni na faɗa musu ya rasu. Wurin ya ɗauki salati.

Inna Gado ta dube ni. "Ke ke ba shi ruwa a gida?"

"Tun ina amarya."

"To yau karɓa masa."

Aka janye ƙaya. Guga ya daɗe yana sauka. Na sha, da sanyi, da ɗanɗanon laka. Kafin in sauke ƙwarya mata sun zagaye bakin rijiya.

Gida

Washegari da la'asar muka iso Gema lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa matan Bariyenu. Yanzu in asuba ta yi nakan yi lamo a shimfiɗa, sai in ji kamar ƙarar guga daga can. Allah ya kai masa ladan.