Iya Tomie, Mai Lambun Haikalin Kan Tudu

Shekara talatin Tomie Kuwabara ta yi tana gyaran kifi a wata masana'anta a bakin teku. Da ta ajiye aiki, sai ta shiga hawa tudun bayan gari kowace safiya, zuwa wani ƙaramin haikalin addinin Shinto da ba kowa ke leƙawa ba. Takan wanke hannu a kwamin dutse, ta rusuna, ta tafa sau biyu, ta sami wuri ta zauna.

Ran nan ta tarar da malamin haikalin, Morishige, yana datse shuke-shuken wani fure da ake kira ajisai da almakashi.

"Malam, aski kake musu ko kisa?"

"Gyara nake, Iya."

"Idon furen baɗi kake yankewa, shi ya sa damina uku ba su yi komai ba. Kawo nan."

Ya miƙa mata. Gun mahaifiyarta ta koyi aikin fure tun tana yarinya, hannun bai manta ba.

Daga ranar lambun ya koma hannunta. Ta yi dashe yadda kowane lokaci zai sami nasa: farin fure a ƙarshen sanyi, ajisai shuɗi fal da damina, jan ganye da kaka. Mutane suka fara zuwa a jirgin ƙasa, suna tambayar Morishige wane gwani ya ɗauko daga birni. Yakan nuna musu tsohuwa a durƙushe cikin taɓo. Ita ko ɗago kai ba ta yi.

A shekara ta goma sha shida da kama lambun idonta ya yi hazo, likita ya ce ba gyara. Morishige ya kwana uku yana juya yadda zai ce mata ta huta.

"Iya, matakalar nan da tsawo..."

"Na fi ka sanin tsawonta. Kai ni gun ajisai."

Ta bi reshe da yatsu, ta lalubo idon, ta yanke daga samansa. Haka ta gama layin. Ya bi bayanta yana dubawa, bai sami kuskure ko ɗaya ba.

"Wane launi suka yi bana?" ta tambaya.

"Shuɗi. Na ƙarshen ne ya ɗan yi ja."

"Toka ka zuba masa ke nan. Ban hana ka ba?"

Ya sosa ƙeya, ya amsa laifinsa.

Ta ƙara shekara huɗu tana hawa, riƙe da hannun rigarsa. Da ƙafa ta gaza, shi ya riƙa sauko mata da reshe ɗaya duk mako, ta shafa, ta gaya masa abin da ya ɓata.