Kawu Bube da Samariyawa

Duk wanda yas san Kawu Bube ya san ba a gardama gabansa a tashi lafiya. Ko awaki biyu sunka yi karo sai ya kaɗa kai ya ce, "Haka Samariyawa sunka fara."

Wani malami yab ba shi labarin a Maraɗi, zamanin yana kai goro. Wai Bani Isra'ila ne, Annabi Musa guda, Attaura guda, sai gardama ta tashi kan wurin ibada. Yahudawa sunka ce Ƙudus, su kuwa sunka ce wani dutse, shi ke nan sunka ɓalle. Labarin ga mun sha shi har mun ƙoshi.

Matarsa, Inna Hajo, ta taɓa cewa a mai da murhu bayan ɗaki saboda hayaƙi.

"Hajo, haka Samariyawa…"

"Malam, Samariyawan ga suna cin tuwo?"

"Suna ci mana."

"To yau ka tafi can su ba ka."

A kasuwar garin Isa kuma ya shiga tsakanin mahauta biyu masu faɗan rumfa. Bai kai ga zancen dutsen ba sunka shirya, sunka haɗu sunka kore shi. Ya dawo yana murna, wai ya yi sulhu.

Shekarar fari, gero ya ƙone tun yana ƙwauri, aka yanke a fita roƙon ruwa. Liman yac ce filin idi, ƙanensa Malam Sani yac ce bakin gulbi. Magana ta yi zafi har mutanen Malam Sani sunka fara zancen gina nasu masallaci. Wallahi na tsorata, don ni ina bayan Liman, surukina yana bayan Malam Sani.

Ranar fita Kawu ya ɗauki buzunsa ya shimfiɗa tsakiyar gonarsa, wadda ke tsakanin wuraren biyu, ya zauna cikin rana, ga azumi a bakinsa. Na roƙe shi ya tashi.

"Ba inda za ni. Ka gaya musu nan za ni mutu, mu ga wane liman za shi yi mini salla."

Kunya ta kawo Liman. Malam Sani ya ji, ya ƙi yarda a fi shi, shi ma ya taho da jama'arsa. Nan aka yi sahu guda, bisa ɗan geron da yar rage wa Kawu. Da aka shafa ya duba gonar yac ce, "Ku ba ku iya salla kan kunyar wani ba?"

Ruwa bai zo ba sai bayan sati biyu, kuma bai isa ba. Masallaci dai har yau guda ne. Kawu ko zangarniya bai yanka ba, a gidanmu sunka ci abinci har kaka ta zagayo, kuma ban taɓa jin ya ce ya yi hasara ba. Ina kewarsa ƙwarai.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sanyaya makwancinsa, Ya biya shi geron nan da abin da yaf fi shi.