Gardamar Mota Mai Tashi Ranar Naƙudar Yayata

Har yanzu ba na iya zama wuri ɗaya. Sai in tashi in ɗebo ruwan da ba a aike ni ba, in sake share inda na riga na share. Inna tana cewa firgita ce, za ta wuce. Ga wata daminar ta zagayo, ba ta wuce ba.

Bara ne abin ya faru, lokacin da kowane zaure maganar shari'a ake yi, man fetur kuma ya yi wuyar da ko da kuɗinka sai ka yi yawo. Na gama sakandare a Gwarzo, na koma ƙauyenmu da ke bayan Kutama ina jiran sakamako. Yayata, wadda ke aure a Gude, ta zo goyon ciki, kamar yadda ake mayar da duk mai cikin fari gaban iyayenta ta haihu. Gidan mijinta a kusa da titi yake. Namu kuwa sai an ratsa gonaki an haye rafi.

Ranar an wuni ana ruwa. Bayan la'asar Baba yana zaure da Kawu, ƙanin Inna, wanda direba ne, da kuma malamin firamaren garinmu. A rediyo suka ji wai Turawa na ƙoƙarin ƙera motar da za ta yi gudu a ƙasa kuma ta tashi sama. Ɗakin da nake tare da Yaya bango ɗaya ne da zauren, don haka komai a kunnena aka yi shi.

Kawu ya ce ai wannan ce maganin hanyarmu. Ka tayar da ita a ƙofar gida, ka ɗaga, ka sauka a bakin kasuwar Gwarzo, ba taɓo ba gargada. Malam ya ce shi ƙaramin jirgi ya fi kwanta masa, irin wanda ke zuwa feshin tsuntsayen jan-baki, domin aiki ɗaya aka yi shi ya yi, kuma yana yi. Abin da aka ce ya yi tafiya kuma ya tashi, in ji shi, agwagwa ce, ba ta iya ko ɗaya da kyau ba.

"To Malam, jirgin naka a ina zai sauka?" in ji Kawu. "A kan dawar mutane? Filin ƙwallon makarantarku ma ka shuke shi da gyaɗa."

Na ji Baba yana dariya har da tari.

"Kai da taka mai ƙafa huɗu ke gindin darbejiya kaji na ƙwai a ƙarƙashinta," Malam ya mayar masa. "Ta ƙasa ma ba ka samo mata mai ba. Idan ya ƙare maka a sama, wa za ka kira ya tura?"

Duk wannan ana yi Yaya tana durƙushe, ta rungume ƙafar gado, ta cusa bakin mayafi tsakanin haƙoranta. A wurinmu ba a ihu a haihuwar fari, abin gori ne da zai bi mace har tsufanta. Ashe tun jiya take fama, ba wanda ta gaya wa. Inna kuma ba za ta shigo ba, saboda Yaya 'yar fari ce, ko sunanta ba ta kamawa, sai dai ta ce yarinyar nan. Ungozoma ta zo da hantsi, ta duba, ta ce haihuwar fari nawa gare ta, a yi haƙuri, ta tafi za ta dawo. Ni kaɗai aka bari da ita.

Ina yi mata fifita na ga jini ya biyo ƙafarta, ba kaɗan ba. Na kira ta, ta dube ni kamar ba ta san ni ba. An koya mana wannan a makaranta, har na rubuta shi a jarrabawa, amma ban taɓa ganinsa da idona ba sai ranar. Na fita na sami Inna tana surfe, tana dukan turmi kamar za ta fasa shi. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Je ki gaya wa babanku."

Na zura hijabi na tsaya a bakin zaure, don budurwa ba ta faɗawa cikin maza. Na yi sallama, ba su ji ba, Kawu yana lissafa yadda za a naɗe fukafukin idan an shigo gari. Na sake yi da ƙarfi, da wata murya da ban san ina da ita ba.

Daga nan komai ya rikice. Motar Kawu ba mai. Babur ɗaya ne a unguwar, na wani maƙwabci. Wani ya fara cewa ai yanzu an hana ɗaukar mata a babur, Baba ya katse shi ya ce wannan lalura ce, amma ko zama ba za ta iya ba. Aka ɗaura shanu a amalanke, aka shimfiɗa katifa. Malam ya hau bayan babur ya yi gaba don ya tare mota a titi. Ni na ɗora kanta a cinyata, Baba da Kawu suna biye a ƙasa.

A bakin rafi ruwa ya kai ƙirjin shanun, suka cije. Sai da maza suka ɗaga ta da katifar a ka suka haye, ni ina riƙe da rigar Kawu, ruwa na jana. A tsakiyar rafin na ɗaga kai na dubi sama, da gaske nake dubawa, ko wani abu zai sauko. Har yau gardamar nan ba ta bar kaina ba. In ce motar ce da ta cece mu, sai in tuna ba mai. In ce jirgin, sai in ga dawa ta rufe ko'ina, ba inda zai sa ƙafa. In bar wannan in kama wancan, hannuna yana aiki, ban san me nake yi ba.

Malam ya samo a-kori-kura mai ɗauko buhunan masara, ta tarye mu a ƙetaren rafin. A kan buhunan muka isa asibiti a Gwarzo gab da magariba. Suka karɓe ta da gudu, suka ce aiki za a yi, kuma ana neman jini. Na Kawu ya yi daidai, ya bayar. Na yi ta kai da kawowa a baranda, zanena jiƙe, har wata mai jinyar ɗanta ta ce in zauna don Allah, ina sa mata jiri.

Yaya ta rayu. Yaron bai zo da rai ba. Mijinta ya iso daga Gude, shi da su Baba suka kai shi makwancinsa tun ba ta farfaɗo ba.

Da safe ta buɗe ido. Ɗakin mata ne, maza suna waje, Inna tana can ƙauye rafi ya raba mu. Ta lalubi gefenta, sannan ta dube ni.

"Mace ce ko namiji?"

Na ce namiji. Ta ci gaba da dubana tana jiran sauran. Na ce, "Yaya, ya koma."

Ta juya fuskarta bango. Can ta ce ƙishirwa take ji. Ma'aikaciyar jinya ta riga ta gargaɗe ni kada a ba ta ruwa tukuna, sai na jiƙa bakin hijabina a kofi na shafa mata a leɓe, ta tsotsa, na sake jiƙawa.