Tef ɗin Mama ne ya fara gano ciwona

Salamu alaikum. Na san na ɓace muku. Masu tambaya ko aure na yi, ban yi ba, ina nan Bukuru daram. Akwai abin da na daɗe ina riƙewa, yau zan sauke shi.

Likitanci na nema a jami'a, makina bai kai ba, aka ba ni sashen kimiyya. Aka ce in na yi abin kirki a shekarar farko, ana iya mayar da ni.

Shekarar farkon ce ta watse. Kwas huɗu na faɗi. Aka liƙa sunana cikin waɗanda aka yi wa gargaɗi: in ta biyu ta zo haka, sai gida.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ina karatu. Sai dai in karanta shafi, ina juyawa ya gudu. Barci kuwa, ko a motar Bukuru sai kwandasta ya tashe ni. Ga suwaita biyu da safa har lokacin zafi. Kowa ya gani sai ya ce sanyin Jos ne. To wa zai je asibiti a garin nan don yana jin sanyi?

Ngozi, ƙawata 'yar ajinmu, ta sha ce mini, "Rabi, wannan barci naki ba na lafiya ba ne fa." In ce ta ƙyale ni. A raina na riga na yanke cewa daƙiƙiya ce ni, sakandare ce kawai ta rufa mini asiri.

Mama tela ce, awon kowa a gidanmu yana kanta. Ranar da za ta yanka mini kayan salla, ta zagaya tef a wuyana, ta duba, ta sake zagayawa.

"Tsaya tukuna. Wuyanki sha uku ne tun kina sakandare. Yau sha huɗu da rabi."

"Ƙiba na yi, Mama."

"Na ga ƙibar a ƙugu. Wannan daban ne. Haɗiyi yawu in gani."

Na haɗiya. Ta ajiye almakashi, ranar ba a yanka yadin ba.

A asibitin koyarwa muka yanki kati, muka bi layi, aka ɗebi jini, aka yi hoton wuya. Sati biyu ina jiran sakamako, kuma ba zan ɓoye muku ba, ciwon daji kawai nake tunani.

Likitar wata dattijuwa ce mai magana a hankali. Ta ce, "Ba daji ba ne, maƙoƙo ne. Akwai wata 'yar tsoka a gaban wuya mai samar da sinadarin da ke tafiyar da jiki. Taki ta yi rauni, shi ya sa ta kumbura."

Na ce, "Har da mantuwar?"

"Har da ita, da barcin, da sanyin."

Nan na fashe da kuka, amma na daɗi ne. Maganin ƙwaya ɗaya ce kullum da safe, kafin in sa komai a baki.

Wata rana likitar ta tambaye ni ko zan zo in zauna wa ɗalibanta ranar jarabawarsu. Son ganin ƙwaƙwaf ya sa na yarda. Suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya miƙo kofin ruwa: kurɓa, riƙe, haɗiye. Sai ya zagaya bayana ya ɗora yatsu a wuyana, sanyi ƙalau kamar an tsamo su daga randa. Na sha ruwa ranar har na gode Allah.

Tambayoyin iri ɗaya ne, kafin azahar na haddace amsoshin. Wani bawan Allah aka tambaye shi me ya sa kumburin ke hawa sama in an haɗiya, ya tsaya yana zufa. Bakina har ƙaiƙayi yake yi.

Da aka tashi na tsare likitar. Me ya sa suke buga mini agara da 'yar guduma? Me ya sa girata ke zubewa daga gefe? Yaya abu ƙarami haka zai riƙe ƙwaƙwalwar mutum?

Ta yi dariya. "Ke mara lafiya ce ko mai ba da maki?"

Na gaya mata burina da sakamakona, ban rage komai ba. Ta ce, "Shekarar farko ba ta goguwa, 'yata. Ki tara abin da zai rinjaye ta. Masu digiri mai kyau suna da tasu ƙofar shiga likitanci."

Sauƙin bai zo da gudu ba. Sai da na yi wata uku kafin na cire suwaita ta biyu. Shafi ya fara zama. Na tsallake korar da ƙyar, daga nan maki ya riƙa hawa har na gama da sakamako mai kyau. Na nemi likitanci, ban samu ba. Na sake nema.

Satin da ya wuce sunana ya fito.

Alhamdu lillahi. Ngozi, kin faɗa na ƙi ji, ki yafe mini. Likitata, Allah ya saka da alheri.

Shawarata: ba kowace faɗuwa ce ciwo ba, wata rashin karatu ce tsagwaronta. Amma in kana karatu ba ya zama, ga barci, ga sanyin da ya fi na kowa a ɗaki, je a duba jininka kafin ka zagi kanka. Mai shan ƙwayar nan kada ya daina don ya ji sauƙi, ni har yau ina sha. Ɗaliban likitanci kuma, don Allah ku murza hannu ya yi ɗumi kafin ku taɓa wuyan mutum.

Jiya Mama ta sayo farin yadi, ta ce ba wanda zai ɗinka mini rigar asibiti sai ita. Ta zagaya tef a wuyana, na riƙe numfashi.

"Sha uku da rabi," ta ce. "Rabin nan na tuwo ne."

Ta ɗauki almakashi ta fara yanka.