Ramin Keken Yaya

A layinsu Daidai ake ce masa, domin kafinta ne da ba ya barin ko tsinin allura ya shiga tsakanin katako da katako. Shekara talatin yana sana'ar. Ya yi wa rabin unguwa gadaje da ƙofofi, ya yi furfura, almajiransa ma sun buɗe nasu shagunan. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa ba shi aiki ba, wato yayarsa tela, wadda ta goya shi. A wurinta har gobe shi ne ƙanen nan mai ɓalla mata almakashi. Ko ƙafar kujera ce ta karye, wani kafintan take kai wa. Yana dariya idan an yi zancen, amma abin yana ci masa rai ƙwarai.

Sai ga shi kafaɗa ta matsa mata. Kan keken ɗinkinta a bisa tebur yake zaune, ya yi tsayi, kullum hannu a ɗage. Ta aika aka kira shi.

"Rami za ka yi, keken ya nutse ya yi daidai da fuskar teburin," in ji ta. "Ka ga dai shi kaɗai gare ni. In ka ɓata, kada ka ƙara gaishe ni."

Kwana uku bawan Allah ya yi a ɗakin ɗinkinta. Ya kifa gindin keken ya zana da fensir, ya goge, ya sake zanawa. Ya yanka da zarto yana riƙe numfashi, ya kafa katakan da za su tallafe shi ta ƙasa. Da ya saka keken, sai ya zauna daram. Ya ja ƙyallen siliki a kan mahaɗar, ya wuce sumul. Ya koma gefe yana shafa gemu.

Yaya ta zauna ta soma ɗinki. Can zaren ƙasa ya ƙare. Ta kai hannu za ta ɗaga kan keken yadda ta saba, babu inda yatsa zai shiga. Ta gwada farce, ta gwada bakin almakashi, keke ya ce bai san zancen ba.

"To, gwani, ta ina ake canza zare? Ko sau ɗaya ake ɗinki a garinku?"

Haka dattijo ya durƙusa ya shige ƙarƙashin tebur, ya turo keken sama da tsakiyar kansa. Daga nan ƙasan yake jin umarni: ya fafe gefen ramin, faɗin yatsunta uku. Ya fafe, zuciyarsa na ƙuna, don a ganinsa ya yi wa aikin tabo ke nan.

Yana ƙarƙashin yana ɗaure ƙusa ta ƙarshe wata maƙwabciya ta shigo karɓar riga. Ta shafa teburin ta ce, "Wane ne ya yi miki wannan aiki haka?"

"Ƙanena ne," in ji Yaya. "Duk garin nan babu mai hannunsa. Amma kada ki faɗa masa."

Ƙusar ta daɗe da ɗauruwa, amma Daidai bai fito ba sai da idanunsa suka bushe.